Littattafan Bayani a Kan Finafinan Almarar Kimiyya: Wanne Ne Ya Cancanci a Saya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani batu da wasu za su ga bai kai ya kawo ba, amma ni ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Batun shi ne na littattafan nan da ake bugawa domin yi wa masu kallo bayanin duniyar finafinan almarar kimiyya, irin su Star Trek da Star Wars, da kuma tambayar ko har yanzu akwai dalilin da zai sa mutum ya zare kuɗinsa ya saye su.

Ƙanena ne ya tayar mini da wannan magana. Bai daɗe da fara kallon Star Trek ba, kuma ya shiga abin da ƙarfinsa, kamar yadda na shiga ina kamar shekarunsa. Wata rana ya tsaya gaban kantar littattafaina, ya zaro wani ƙaton kundi mai kaurin bango, ya jinjina nauyinsa a hannu, sannan ya ce: "Yaya, me zai sa mutum ya sayi wannan tulin takarda, alhali duk abin da ke cikinsa yana nan a wayata, kuma kyauta?" Ban amsa masa nan take ba, domin na ga rabin gaskiya tana tare da shi, kuma ban so in kare abin da nake ƙauna da hujjar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Na yi kwanaki ina juya tambayar, kuma abin da na cim ma shi ne littattafan nan ba iri ɗaya ba ne, saboda haka amsa guda ba za ta wadatar da su duka ba.

Bari in fara da inda yaron ya fi ni gaskiya, wato kundin da ke jera sunaye da bayanai bi-da-bi daga harafin farko zuwa na ƙarshe. Mafi shahara a wannan fanni shi ne The Star Trek Encyclopedia, wanda Michael Okuda da matarsa Denise Okuda suka wallafa tare da Debbie Mirek a shekarar 1994. Ba aikin 'yan kallo daga nesa ba ne, domin Michael Okuda shi ne ya tsara fasalin allunan kwamfutar da ake gani a cikin kumbon Enterprise na shirin The Next Generation, ɗaya daga cikin shirye-shiryen Star Trek, saboda haka ɗan gida ne yake ba da labarin gida. Duk da haka, shekara uku kacal aka yi aka sake buga kundin a 1997, aka kuma sake a 1999, saboda shirye-shiryen ba su tsaya jiran littafin ba. Bugun 1999 ma bai narkar da sababbin bayanan cikin tsofaffin ba, an dai liƙa su ne a matsayin ƙari a ƙarshen littafin, ta yadda mai neman suna ɗaya sai ya duba wuri biyu. Daga nan aka yi shiru har 2016, lokacin da Star Trek ta cika shekara 50, aka fito da sabon bugu mai mujalladi biyu da shafuka fiye da 1,000. Aiki ne na gani na faɗa, babu mai musun haka. To amma a watan Satumba na 2017 aka fara nuna Star Trek: Discovery, daga baya Picard ya biyo a 2020, Strange New Worlds kuma a 2022, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a kundin. Mutumin da ya saya yana tunanin ya mallaki cikakken bayani, shekara ɗaya kawai ya yi yana da gaskiya.

A gefe guda kuwa akwai rumbunan bayanai da masu sha'awa suke rubutawa da kansu a intanet. Memory Alpha na Star Trek ya fara a 2003, Wookieepedia na Star Wars kuma a 2005. Da zarar an nuna sabon kashi na shiri, kafin gari ya waye an shigar da sunan kowane sabon mutum da kowane sabon kumbo, an kuma haɗa su da abin da ya gabata. Idan abin da mutum yake so shi ne ya san a wane kashi aka fara ganin wane kyaftin, ko sunan duniyar da aka haifi wane jarumi, to gaskiya ita ce takarda ba za ta taɓa kamo waɗannan rumbuna ba, kuma ba zan yaudari kowa in ce za ta kamo su ba.

Akwai ma abin da ya fi tsufan bayani ciwo, wato a wayi gari mai labarin ya ce abin da ke cikin littafinka ba shi ne ya faru ba. Wannan ya auku ga masu bin Star Wars a idon duniya. A 2008 aka buga The Complete Star Wars Encyclopedia, mujalladi uku, wanda ya tattaro abin da ke cikin finafinai da kuma tarin littattafan ƙirƙira da na barkwanci masu zane da wasannin kwamfuta da aka yi shekaru da dama ana ginawa a kan labarin. A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ya mallaki Star Wars, a kan kuɗi sama da dala biliyan 4, kuma a watan Afrilu na 2014 aka sanar cewa duk waɗancan labarai na wajen finafinan an mayar da su gefe a ƙarƙashin sunan Legends, ba su cikin ingantaccen tarihin da za a ci gaba da ginawa a kansa. Abin da aka bari shi ne finafinai shida da shirin The Clone Wars. Misali ɗaya ya isa ya nuna girman abin. A wani littafi na 1999 an kashe Chewbacca, ɗaya daga cikin jaruman labarin, kuma masu karatu sun yi jimaminsa na gaske, kundin ma ya rubuta mutuwarsa a matsayin tabbataccen abu. A fim ɗin 2015 sai ga shi da ransa yana tuƙa kumbo. Wanda ya sayi mujalladan nan uku domin ya riƙa yanke hukunci da su a muhawara, ya tashi da littafin da kamfani ya janye masa hatimi.

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Labarin da bai ƙare ba, kuma yake hannun kamfanin da ke neman riba da shi, ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba, saboda haka wanda zai sayi kundin jerin sunaye ya saye shi da sanin cewa hoton wani zamani yake saya, ba alƙalin da zai dawwama ba. Ni kaina har yanzu nakan buɗe tsohon kundina, amma yanzu ina karanta shi ne domin in ga yadda aka fahimci labarin a shekarar da aka buga shi, kuma wannan ma wani amfani ne, sai dai ba shi ne aka tallata mini ba lokacin da na saya.

Inda na rabu da ƙanena shi ne zatonsa cewa duk littattafan nan jerin sunaye ne. Mafi darajarsu ba su kwashe abin da aka gani a allo suka zuba a takarda ba, su ne suka ƙirƙiro abin da ba a taɓa gani ba, har daga baya finafinan suka dawo suna aro a wurinsu.

A dubi abin da ya faru a 1975. Shirin Star Trek na farko ya fara a 1966, aka dakatar da shi a 1969 bayan zango uku, kuma a tsakiyar shekarun 1970 babu wani sabon fim da masu sha'awa za su kalla. A wannan fari ne wani mai zanen injiniya, Franz Joseph, wanda ya yi shekaru yana aiki a masana'antar ƙera jiragen sama, ya ga yadda 'yarsa da abokanta suka damu da shirin, sai ya zauna ya zana kumbon Enterprise hawa-hawa, ɗaki-ɗaki, kamar wanda za a miƙa wa maƙera su ƙera. Daga nan aka samu Star Fleet Technical Manual, wanda ya shiga sahun littattafan da suka fi kasuwa a Amurka. Ya zana ire-iren kumbunan da ba a taɓa nunawa a talabijin ba, kuma da aka zo yin finafinan sinima daga 1979, wasu daga cikin zane-zanensa sun bayyana a allunan da ke cikin kumbon. Mutumin da ya sayi wannan littafi a lokacin ba maimaicin abin da ya kalla ya saya ba.

Wanda na fi so a cikin duk abin da na mallaka shi ne jagorar fasaha ta The Next Generation da Rick Sternbach da Michael Okuda suka fitar a 1991. Asalinta takardu ne da aka tanada domin marubutan shirin, don kada wani ya ce injin kumbon yana aiki ta wata hanya a wannan mako, wani kuma ya saɓa masa a mako mai zuwa. Littafin yana magana kamar da gaske ne kumbon nan mai hawa 42 da mutane fiye da 1,000 yana nan yana shawagi: ga inda ake adana makamashi, ga yadda ake raba kumbon gida biyu idan haɗari ya taso, ga hanyar da iska da ruwa suke bi su dawo a sake amfani da su. Amma abin da ya sa nake komawa gare shi shi ne 'yan bayanan da ke ƙasan shafi, inda marubutan suke ajiye rigar almara su yi magana da mai karatu a matsayinsu na ma'aikata, su gaya masa dalilin da ya sa aka yi abu kaza haka. A nan ne na fara cin karo da ƙa'idar Heisenberg, wadda ta ce ba a iya sanin takamaiman wurin da ƙwayar zarra take da kuma yanayin gudunta a lokaci guda. Wannan ƙa'ida ta gaskiya ce, kuma ita ce babbar cikas ga na'urar nan ta shirin da ke wargaza mutum ta tura shi wani wuri ta sake haɗa shi. Marubutan sun san da cikas ɗin, shi ya sa suka saka wa na'urar wani sashe mai sunan Heisenberg wanda aikinsa shi ne magance matsalar. Na tuna daren da na karanta wannan shafi, na ajiye littafin na ɗauko na kimiyyar fiziks domin in gane abin da ake nufi, kuma abin da na koya a daren bai bar ni ba har yau. Almara ce ta kai ni ga ilimi na haƙiƙa, kuma littafi ne ya yi mini jagora, domin ya ɗauke ni daga shafi zuwa shafi bisa tsarin da masu shi suka shirya, ba tsalle-tsallen da mutum yake yi a waya ba.

Haka nan ƙamus ɗin harshen Klingon, wato harshen wani jinsin halittu na cikin Star Trek, da masanin harsuna Marc Okrand ya wallafa a 1985, bayan ya ƙirƙiri harshen domin fim na uku na Star Trek. A fim ɗin jimloli kaɗan aka ji, amma a littafin ne harshen ya samu nahawu, da tsarin jimla mai fara kawo karɓau, sannan aikatau, sannan aikau, tsarin da da wuya a same shi a harsunan mutane. Da wannan ɗan ƙaramin littafi mutane suka koyi harshen har suka fassara wasan Hamlet zuwa cikinsa. A ɓangaren Star Wars ma, littattafan bayani na wani wasan tebur da kamfanin West End Games ya fara fitarwa a 1987 su ne suka raɗa wa jinsunan halittu da dama sunayen da ake kiransu da su har yau, kuma su aka aika wa marubuci Timothy Zahn ya yi nazari lokacin da yake rubuta littafinsa na ƙagaggen labarin Star Wars da ya fito a 1991.

Sai kuma batun zane, wanda a nan gani ya kori ji. A 1998 kamfanin DK ya fitar da littafin da ya tsattsaga kumbunan Star Wars ya nuna cikinsu, da zanen Hans Jenssen da Richard Chasemore. Na buɗe wa ƙanena shafin da ke warewa ya yi faɗi, muka shimfiɗa shi a kan tebur, ya sa yatsa yana bin wani lungu daga ɗakin matuƙi har zuwa wurin injin, yana tsayawa a kan ƙananan mutanen da aka zana kowa da aikinsa, wani riƙe da kayan gyara, wani yana hawa tsani. Ya yi kusan rabin sa'a bai ɗago kai ba. Da ya nemo hoton shafin a wayarsa domin ya gwada, sai ya tarar idan ya faɗaɗa domin ya ga mutanen, kumbon ya ɓace masa, idan kuma ya ƙanƙance domin ya ga kumbon, mutanen sun zama ɗigo. An zana abin ne domin ido ya ɗauki babba da ƙarami a kallo ɗaya, kuma faffaɗar takarda ce kaɗai take ba da wannan.

Nau'in da nake ganin ba ya tsufa ko kaɗan shi ne tarihin yadda aka yi aikin. Kamfani yana iya soke mutuwar jarumi, amma ba ya iya soke abin da ya faru a wurin ɗaukar fim. Tun a 1968 aka buga The Making of Star Trek, shirin yana kan tafiya. A 2007 kuma marigayi J. W. Rinzler ya fitar da The Making of Star Wars, wanda ya gina a kan hirarrakin da aka yi da George Lucas, wanda ya ƙirƙiri Star Wars, da ma'aikatansa a shekarun 1970, suka daɗe a ajiye ba a buga ba. Darajar waɗannan hirarraki ita ce mutanen suna magana ne tun ba su san fim ɗin zai girgiza duniya ba, saboda haka tsoronsu da shakkunsu da ƙarancin kuɗinsu duk suna nan a fili, ba a shafe su da man nasara ba. A irin wannan tarihi ne mutum yake gane cewa na'urar tura mutane ta Star Trek ta samo asali ne daga rashin kuɗin nuna saukar kumbo a kowane mako. Duk mai son ya san yadda ake haɗa labari da zane da kiɗa da kasafi a fitar da fim, zai amfana da waɗannan littattafai ko da bai damu da kumbo ba.

Akwai wani abu da masu cewa komai yana intanet suke mantawa da shi. Idan mutum ya gangara ƙasan bayanan da ke waɗancan rumbuna ya duba inda aka samo su, zai ga da yawa daga littattafan nan aka ɗebo. Tsawon kumbo, sunan wani da ya gifta a allo na daƙiƙa biyu, sunan bindigar da ke ƙugunsa, ba a faɗe su a fim ba, wani marubuci ne aka biya ya shiga ma'ajiyar kamfani ya tattauna da masu zane ya rubuta. Rumbun intanet rijiya ce da ake ɗiba kyauta, amma littattafan suna cikin idanun ruwan da ke ciyar da ita, kuma idan aka daina saye za a daina biyan masu tonon. Ban da haka, abin da ke intanet yana hannun wanda ya ajiye shi. A 2023 an cire shirin Star Trek: Prodigy ɗungurungum daga manhajar Paramount+, masu kallo suna ji suna gani. Littafin da ke kan kantata babu wanda zai shigo da dare ya canza masa jimla ko ya ɗauke shi saboda lissafin riba.

Ba zan rufe ido ga ɓaragurbi ba, domin suna da yawa, kuma su ne suke ɓata wa sauran suna. Akwai littattafan da ake gaggawar fitarwa domin su riski lokacin da fim yake tashe, manyan hotuna da kowa ya riga ya gani a talla, da 'yan layuka a gefe waɗanda ba su ƙara wa mai kallo komai ba. Wasu ma ana kammala su tun fim bai fito ba, saboda haka ana ɓoye musu muhimman sirrin labarin, mai saye ya tarar da rami a daidai inda ya fi buƙatar bayani. Na taɓa sayen wani irin wannan saboda kyan bangonsa, yana naɗe cikin leda ban samu damar buɗawa ba. Da na isa gida na karance shi a zama ɗaya ban tsinci abu guda sabo ba, kuma kafin wata uku manna ta saki, shafukan tsakiya suka fara zubowa. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, sai don na ga an raina masu karatu, an ɗauka duk abin da aka buga wa sunan fim za su rungume shi. Akwai kuma dabarar sake fitar da tsohon littafi da sabon bango da ƙarin shafuka kaɗan, a kira shi sabon bugu, wanda ya mallaki na farko ya sake biyan kuɗin abin da yake da shi.

Abin da na gaya wa ƙanena daga ƙarshe shi ne ya fara duba sunan marubucin, ya bincika ko ya yi aiki a cikin shirin ko an buɗe masa ma'ajiyar kamfani, sannan ya buɗe littafin a tsakiya ya karanta shafi biyu ya tambayi kansa ko ya ga abin da ba zai samu a wayarsa ba. Idan jerin sunaye ne kawai, na ce ya haƙura ya riƙe kuɗinsa, sai fa idan son ajiye tarihi ne ya motsa shi, ko kuma ya samu tsohon bugu a hannun wanda ya gama da shi. Idan kuwa zane ne na asali, ko bayanin waɗanda suka yi aikin da hannunsu, to ya saya, ya kuma kula da shi. Na ba shi aron jagorar fasahar nan ta 1991 domin ya gwada da kansa, kuma da ya dawo bayan mako biyu, tambayoyin da ya zo da su a kan saurin haske ne da nisan taurari, ba a kan wane jarumi ya fi wane ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan shafinku na finafinai zai taɓo irin waɗannan littattafai, a sa wanda ya karanta su da gaske ya yi sharhin, ya gaya wa jama'a shekarar da aka buga littafin, da inda bayanansa suka tsaya, da ko marubucin ɗan gida ne ko mai kwafe, da kuma ingancin takarda da ɗinkin. Matasa da yawa suna shiga sha'awar waɗannan finafinai yanzu, kuma littattafan ba su da araha, saboda haka suna buƙatar wanda zai bambance musu kafin su biya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum